Autar Akwatunan Lefena

Sallama gare ku 'yan uwa, da na kullum da waɗanda yau ne suka fara cin karo da labarina. Ke kuma baiwar Allah da kika rubuto min cewa in rage kuka a labarin nan, ki yi haƙuri, yau ma ba ranarki ba ce.

Sunana Bara'atu, amma a gidanmu da ke unguwar Gawon Nama a Sakkwato babu mai kirana haka. Sunan mahaifiyar Baba na ci, shi ya sa tun ina zanin goyo Uwani yake ce min, kowa ya bi bayansa. Ban taɓa jin sunana ya fito daga bakinsa ba. Ko takardar makaranta za a cike, in an zo wurin suna sai ya miƙa wa Yaya Rahmatu biro ya kawar da kai. In na yi laifi kuwa, maimakon faɗa sai ya riƙe haɓa ya ce, "Yanzu uwar mutum ta ka yin haka?" Da wannan ya raine ni, kuma wallahi ya fi bulala shiga jiki.

Baba, wato Alhaji Sodangi, hatsi yake saye da sayarwa. Yana da wata ɗabi'a da muka tashi muna yi wa dariya a ɓoye. In bazara ta kama, kullum bayan asuba zai zauna a zaure da kofin shayinsa da wayoyinsa biyu, ya bi mutanensa ɗaya bayan ɗaya. Illela, Argungu, Gusau, Yauri, Birnin Kebbi. Gaisuwa kaɗan, sai tambayar da ba ta canzawa: "An yi ruwa wajenku?" Farashin gero sama yake kallo, in ji shi. Ko yayyafi aka yi a wani ƙauye cikin Zamfara, kafin mu gama karin kumallo Baba ya sani. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Gazali kuwa, waɗanda suka daɗe tare da ni sun san shi. Dogo, mai sanyin murya, mai farar shadda da ƙamshin da ke riga shi shiga zaure. 'Yan Tudun Wada ne, gidan masu sayar da yadi. Muka yi soyayyarmu a gaban idon kowa, aka sa rana, aka kawo lefe. Lefe na gani na faɗa. Saitin akwatuna shida ruwan madara, masu zif ruwan zinariya, Hajiyarsa da kanta ta yi odarsu daga waje don ta ce ba ta son irin wanda kowa ke da shi a Sakkwato. Gwaggo Zainaba, ƙanwar Baba, ita ta karɓa, ta ƙirga komai a gaban matan gidansu, tun daga leshi har ɗan kunne, aka yi guɗa aka ba da tukuici.

Ana saura 'yan makonni biki, har ƙawayena sun karɓo anko daga tela, sai ga Baffa Jelani, ƙanin mahaifin Gazali, ya yi sallama da wasu dattawa biyu. Ina bayan ƙofar zaure, kada ku tambaye ni me ya kai ni. Ya yi ta zagaye-zagaye kafin ya fito da ita: wai Hajiya ta sa an duba, malamin ya ce yarinyar ba ta da aibu, sai dai ƙafarta ba ta zama wuri ɗaya. Wai irin matan nan ce da za a wayi gari a neme su a rasa.

Sai na ji muryar Baba, ba ta tashi sama ba, amma rawa take.

"Malam Jelani, kun hwasa aure, wanga hakkinku na. Amma ƙazahi ban ɗauka. Wallahi tallahi ɗiyata ko Kwalkwalawa da ke nan bakin gari ba ta taɓa zuwa ba da sanina ba, har ta ƙare jami'a. Kuma kayanku, ko allura ba mu riƙewa. Yadda kunka kawo su haka za su koma, a ƙirga gaban kowa."

Na zame na zauna a ƙasa. Ban san wanne ya fi yi min nauyi ba, fasa auren ko rantsuwar da Baba ya yi a kaina.

Shi gogan fa? Saƙo ɗaya ya turo: "Ki yi haƙuri Uwani, kin san Hajiya." Har da ɗan hoton zuciya da ta tsage biyu. Shekarun da na kwashe ina zuba masa zoɓo mai sanyi a zaure, abin da suka saya min ke nan. Na toshe shi a waya, na toshe shi a WhatsApp, na shige ɗaki.

Sai 'yan jaje suka ɓarke. Ban san gidanmu na da dangi haka ba. Mace za ta shigo da hijabinta har ƙasa, ta zauna a bakin gadona, ta ce "Allah shi sa haka ya hi alheri," alhali idonta na kan akwatunan da ke jere a gefen durowa, tana auna su. Wata har ɗaga mayafina ta yi ta ga ko na rame. Ga zafin watan Afrilu, ga babu wuta, fanka ta tsaya cak, bango kansa turiri yake. Ina kwance ina jin numfashina na neman gagarata.

A wannan halin na tuna da tikiti. Gazali ya daɗe yana min alƙawarin zai kai ni in ga teku, ni da babban ruwan da na sani shi ne gulbin Rima. Ya shirya mana zuwa Zanzibar bayan biki, an yi min fasfo, an gama komai na shiga ƙasar, ya kama otal. Tikitina ni na biya da ribar humra da turaren wutan da nake sayarwa, don lokacin ina ta iyayin nuna masa ni ba 'yar jiran miji ba ce. Ranar tafiyar na karatowa, zuciyata ta ce min: ke, tekun ba ta ubansa ba ce.

Da na gaya wa Inna, mahaifiyata, cewa ni kaɗai zan tafi, ta fara ƙi, ta ce ba da ita ba. Da ta ga na kwana biyu ko koko ba ya wuce min wuya, sai ta sauko. Muka haɗa baki da Yaya Rahmatu da ke aure a Birnin Kebbi. Aka ce wa Baba zan je wurinta in huta da bakin mutane. Ya ji daɗi ma. Ya kira ni zaure ya ce, "Tahi ki huta, Uwani. Allah na nan." Ya sa min albarka, ni kuma na amsa da amin ina kallon tabarma.

Na san me kuke cewa. Ku faɗa, ni ma na faɗa wa kaina.

Jakar tafiyata zif ɗinta ya daɗe da mutuwa. Na kalli akwatunan nan, na kalli autarsu, 'yar ƙarama mai taya huɗu da aka zubo takalma da jakunkuna a ciki. Gwaggo Zainaba ta tafi Illela jinyar surukarta, Baba kuma ya ce ba mai mayar da lefe sai ita, tunda hannunta ya karɓa. An ce sai ta yi wata guda. Ni kuwa mako ɗaya zan yi. Na juye takalman a cikin babbar, na zuba kayana a auta. Zif ɗin jakata dalili ne na faɗa wa Inna. Gaskiyar ita ce, ina son wani abu daga auren nan ya raka ni, ko da akwati ne.

Mai adaidaita ya ɗauke ni kamar za mu tashar Kebbi, muna shan kwana na ce masa filin jirgi.

Ba zan ɓata muku lokaci da Abuja da sauyin jirgi da yadda na ƙanƙame hannun kujera ina karanta duk addu'ar da na sani ba. Mun sauka da rana tsaka, amma garin duhu-duhu. Ana buɗe ƙofa iska mai laima ta bugi fuskata, ƙamshin ƙasa jiƙaƙƙiya ya cika min hanci. Ruwa ake yi! Ni da na baro garin da ko tsuntsu ya buɗe baki don zafi, sai na ji hawaye. Na ce wannan alama ce, Allah ya karɓi tafiyata da rahama. Direban da ya ɗauke ni yana ta ba ni haƙuri da Turanci wai na zo a mummunan lokaci, damina ce babba, baƙi ba sa zuwa. Ina ta murmushi ina ce masa babu komai, mu ruwa alheri ne. A raina kuwa na gane dalilin da Gazali ya yi ta yabon kansa cewa ya samo otal da sauƙi. Ashe har amarcin ma na ragi ya shirya min.

Ɗakin wani ɗan gini ne shi kaɗai a ƙasa-ƙasa, rufin ciyawa, taga ta katako mai faɗi. A kan gado an jera furanni ja, an naɗe tawul biyu kamar agwagi suna haɗa baki. Dattijuwar da ke kula da ɗakunan ta leƙa bayana tana neman ango. Na ce mata yana tafe. Tana fita na kwance agwagin nan na goge ƙafata da su.

Teku fa? Na gan ta, in dai wannan ake kira gani. Wani abu toka-toka da ya haɗe da sama, yana ta gurnani, ya amayo ciyayi baƙaƙe masu wari a bakin gaɓa. An kafa jan ƙyalle an hana kowa matsawa. Na yi adona da doguwar rigar atamfa mai ruwan goro da jan mayafin da na saya musamman don hoto, na tsaya a baranda har ruwa ya jiƙa min gefen riga, na koma ciki. Na ce bari ya ɗauke.

Kun san ruwan Sakkwato. Zai zo da fushi, ya yi iska ya yi tsawa, kafin ka gama kwashe shanya ya wuce, rana ta fito, yara su fita wasa. Shi na sani, shi nake jira. Kwana ya wuce bai ɗauke ba. Wani kwanan ya bi. Ba tsawa, ba hayaniya, zuba kawai yake kamar an manta famfo a buɗe. Kayana suka fara warin sanyi. Kowa a ɗakin cin abinci biyu-biyu ne, sai ni da faranti da wayata. Abincin duk kwakwa, har shinkafa. Na yi kewar tuwon Inna da miyar sure har na ji haushin kaina.

Ranar Alhamis da hantsi ya ɗan lafa. Ɗakin ya ishe ni da wari, sai na yi abin da kowace 'yar Sakkwato za ta yi in an gama ruwa: na wangale taga da ƙofar baya don iska ta shiga, na buɗe akwatin a ƙasa gindin taga don kaya su sha iska, na ɗauki wayata na haura ginin sama inda ake samun sabis. Ko a mafarki ban kawo zai dawo ba. A wurinmu in ya ɗauke, ya ɗauke.

Ban kai ga shan rabin shayina ba ya dawo, wannan karon da iska. Bishiyoyin kwakwa suka dinga sunkuyawa, kujeru na yawo a tsakar gida. Ma'aikata suka rufe ƙofofi suka hana kowa fita. Ina ta roƙonsu ina cewa tagata, akwatina, suna ce min a'a, rai ya fi kaya. Wani rafi da ke bayan otal ɗin ya cika ya ɓalle, ya bi ta ɗakunan ƙasa. Ina tsaye jikin gilashi ina kallon jan ruwa na shiga ɗakina ta baya yana fita ta gaba.

Sai bayan la'asar aka bar mu muka sauka. Ruwa har ƙwauri. Na tarar da auta ta kife a lungun banɗaki, cike da laka. Jan mayafin nan ya zuba, atamfa ta zuba, kwalbar humrata ta fashe a ciki. Akwatin da yake ruwan madara ya koma ja-ja, goro-goro, kamar zanin da aka yanka rago a kai. Kwalin cikinsa ya sha ruwa ya kumbura, murfin ya karkace ya ƙi haɗuwa, taya ɗaya ta tafi abinta. Na durƙusa cikin ruwan ina dirza shi da sabulun wanka. Ina dirzawa fatar na saɓulewa. Dattijuwar nan ta dafa kafaɗata tana maimaita wata kalma tasu mai kama da sannu, ta kama hannuna ta mayar da ni wani ɗaki a sama, mai rufin kwano.

Na ce to, in na koma gida na zaga kasuwa ko na sa a nemo min irinsa a Kano, ai da sauran lokaci. Ina wannan lissafin saƙon murya ya shigo daga Inna. Da raɗa take magana, ina jin ƙarar tukunya, wato a kicin ta ɓuya.

"Uwani, kina jina? Gwaggonki ta dawo yau da sahe, surukar ta samu sauƙi. Babanku ya ce jibi Asabar za a mai da kaya, har ya aika Tudun Wada an sanar. Zainaba ta ƙirga ta ga biyar. Na ce mata kin ari ƙaramin kin tahi da shi Kebbi. Babanku bai ji daɗi ba, amma ya ce ba komi, Kebbi nan ga nan ta, ki ba direba gobe shi kawo. Ya ce ki kira shi. Uwani, mi za mu yi? Ni dai na shiga uku."

Na saurara sau uku. Na sauka da gudu wurin masu karɓar baƙi. Suka ce hanyar da ta haɗa mu da gari ruwa ya yanke ta, mota ba ta wucewa, jirage ma ana ta ɗage tashinsu. Yaushe za a gyara? Suka ɗaga kafaɗa suka nuna sama.

Na kira Yaya Rahmatu, ta ce ta riga ta zaga kasuwar Kebbi da hoton akwatunan, masu shaguna na ce mata wannan sai dai oda. Tana kuka tana cewa in Baba ya ji, ita da gidan sai dai a lahira. Kuma ku gane, ba akwati ne abin tsoron ba. Matan gidan su Gazali za su zauna a tsakar gida su ƙirga. In sun ga biyar za su tambayi ina na shida, kuma tambayar ba za ta tsaya ba sai ta iso inda nake zaune. Malaminsu ya ce za a neme ni a rasa. Baba ya rantse da Allah a gaban dattawa cewa ƙarya ne. Ni kuma na ɗauki ƙafata na zo na gaskata malamin, da akwatinsu a hannuna.

Ranar Juma'a da safe wata baƙuwar lamba ta turo saƙo.

"Amarya, ashe kin tahi ba ni?"

Kafin in yi wani tunani kira ya shigo. Na ɗauka.

"Uwani." Muryar nan dai, mai sanyi, kamar ba abin da ya faru. "Otal sunka kira ni jiya. Lambata ta ag ga takardarsu. Sun ce in kwantar da hankalina, matata na lahiya, sun mai da ta ɗakin sama, akwatinta kaɗai ya lalace."

Na manta sam da sunansa aka kama ɗakin.

"Wane akwati na, Uwani? Don na ji ana ƙishin-ƙishin ɗaya bai nan."

"Mi kake so, Gazali?"

"Haba. Taimakonki ni ka so. Ki saurara. Yau zan ce ma Hajiya ni na aiko an amso min ƙaramin tun kwanaki, na yi tahiya da shi Abuja ya ɓace. Ta yi hwaɗanta ta gama. Gobe a kawo biyar, ba mai cewa uffan. Baba ba shi ji ba har abada."

Wallahi 'yan uwa, sai da na ji wani sanyi ya ratsa ni. Na ga Baba zaune a zaure da shayinsa, mutuncinsa cif, ba abin da ya taɓa shi. Na ce, "Sai mi?"

"Sai ki buɗe min layi. Ki bar saurarar kowa, ki jira ni har Hajiya ta huce."

"Yaushe za ta huce?"

"Wanga sai Allah. Shekara, biyu, ban sani ba. Amma ai kin ga yanzu ni da ke muna da sirri." Ya yi 'yar dariya. "Duk Sakkwato ni kaɗai na san inda kike. Turo min hoto mana, in ga tekun tamu."

Tekun tamu. Mutumin da bai iya buɗe baki ya ce wa uwarsa "ba haka take ba" ranar da aka yi min ƙazafi, yau ga shi zai iya shirya mata ƙarya tsaf, har da Abuja a ciki, don ya samu igiyar da zai ɗaura min. Na hango kaina nan da shekara biyu, duk wanda ya yi sallama a ƙofar gidanmu sai na kore shi, don kada Gazali ya ji haushi ya tuna da Zanzibar. Na tsane shi a lokacin, tsana ta gaske. Kuma duk da haka sai da na rubuta "To" bayan mun ajiye waya. Na daɗe ina kallon kalmar, yatsana a kan wurin turawa. Sannan na goge, na toshe wannan lambar ma.

Kada ku yaba min. Ba jarumta ba ce, don ban san abin da zan ce wa Baba ba. Na dai san dole in kira shi kafin ya tafi masallaci.

Matsalar ita ce kwanon nan. Ruwa na dukansa kamar ana sussukar gero a kaina. Na shiga banɗaki, ƙarar na nan. Na lulluɓa da bargo, tana nan. Na zauna a bakin gado da waya a hannu ina jiran ya lafa, akwatin na gefe yana ɗiga a kan tayil. Wajen hantsi ya tsagaita, ya koma ɗis-ɗis, ya yi shiru. Na yi bisimilla na danna.

"Uwani! Kin kwana lahiya? Ya su Rahmatu da yara?"

Na yi niyyar faɗin gaskiya, Allah shaidata. Amma da na ji farin cikin da ke muryarsa sai bakina ya bi tsohuwar hanya. "Lahiya lau, Baba. Suna gaishe ka."

"Madalla. Kin ci abinci dai? Innarki ta ce kin hwara cin abinci." Ya yi gyaran murya. "Batun akwatin ga. Ba ki kyauta ba, amma na san ba da gangan kiy yi ba. Ki kai tasha yanzu, ki nemi Arzika direba, ki ce nawa na. Kahin la'asar shina nan."

"Baba, akwatin..."

Sai ya sauko. Ba gargaɗi, ba yayyafi, gaba ɗaya ya zubo a kan kwanon. Na danne wayar a ƙirjina, na rufe ta da tafin hannu, na ruga banɗaki. A banza. Da na mayar da ita kunne, sai na ji muryar Baba ta canza.

"Mi ni ka ji haka?"

"Baba..."

"Ruwa na?"

"I, Baba."

"Da asuba na yi magana da Mode a Birnin Kebbi. Ya ce ko hadari babu, zahi ya hana su barci. Na kira Argungu, na kira Yauri. Duk ƙasar ga ba a yi ko ɗigo ba." Ya numfasa. "Wanga kuwa ba ruwan hwari ba na. Wanga ruwan tsakiyar damina na. Ina kike?"

Na faɗa masa. Duka. Tikitin, jirgin, tagar da na bari a buɗe, jan mayafin, har kiran Gazali da abin da ya nema. Na ce Inna da Yaya ba su da laifi, ni na matsa musu. Ina magana ina kuka, ruwa na dukan kwano, sai na ɗaga murya kamar mai faɗa kafin ya ji ni. Bai katse ni ba ko sau ɗaya. Na so ya yi ihu. Na so ya riƙe haɓa ya ce yanzu uwar mutum ta ka yin haka, in ji kunya in ba shi haƙuri, mu wuce wurin kamar kullum.

"Yaron ga, kin amsa mishi?"

"A'a, Baba."

"To. Kina da abinci wurin? Wurin da kike ruwa bai kai ba?"

"Bai kai ba."

"Kada ki wanke akwatin. Kada ki nemi wani. Yadda shike haka za ki taho da shi, ran da hanya ta buɗe. Gobe Zainaba ba ta zuwa ko'ina. Ni za ni Tudun Wada da ƙahwata, in tara Jelani da mutanen da yaz zo da su, in gaya musu rantsuwar da niy yi gabansu ban san abin da ni ka hwaɗi ba. In kin iso, ni zan ɗauki kayan in kai da hannuna."

Namiji, dattijo kamar Baba, ya ɗauki lefe ya mayar da kansa, a unguwar da ake tashi tsaye in ya wuce. Na ce, "Baba don Allah kada ka je. Ka bari in dawo, ni in je in durƙusa musu. Baba, ka yahe min. Uwaninka ta."

Na ji ƙarar kofin shayi da ya ajiye a ƙasa. Na ji ya ja numfashi, kamar mai shirin ɗaga buhu.

"Allah shi maido ki lahiya, Bara'atu."

Ya kashe wayar.